Zipline: Yadda Kamfanin Kayan Wasan Yara Ya Koma Mai Kai Jini Ta Sama

A Pambegua, garin nan da ke kan hanyar Zariya zuwa Jos a ƙaramar hukumar Kubau ta jihar Kaduna, akwai wani fili da jirage ke tashi daga cikinsa ba tare da titin jirgi ba. Jiragen ƙanana ne, farare masu jan fiffike. Babu matuƙi a ciki, babu kuma wani a ƙasa da ke riƙe da rimot yana juya su. Abin da suke ɗauka kwali ne da bai kai kilo biyu ba, a cikinsa akwai allurar rigakafi, ko magani, ko ledar ƙarin ruwa. Tun 2022 suke wannan zirga-zirga, kuma kamfanin da ya mallake su sunansa Zipline, hedikwatarsa tana jihar Kalifoniya ta Amurka.

Yau darajar Zipline ta kai biliyoyin daloli, saboda haka in aka kira shi ƙaramin kamfani wasu za su yi dariya. Amma da ƙuruciyarsa sunansa Romotive, samari uku ne suka kafa shi a 2011, kuma abin da suke ƙerawa kayan wasan yara ne. Tsakanin wancan abin wasa da jirgin Pambegua akwai labarin da ya kamata duk mai sha'awar fasahar mutum-mutumi ya sani, domin yawancin kamfanonin da suka taso tare da shi tuni aka yi musu jana'iza.

Romo, mutum-mutumin da ya burge kowa

Keller Rinaudo, wanda ya yi karatu a jami'ar Harvard, shi da abokansa Phu Nguyen da Peter Seid sun lura da wani abu. Kayan da suka fi tsada a jikin mutum-mutumi su ne ƙwaƙwalwarsa da idonsa da allon fuskarsa, kuma duk waɗannan suna cikin aljihun mutane, wato a jikin wayar salula. Sai suka ƙera wata 'yar mota mai ƙafafu irin na tankar yaƙi, da gurbin da za a cusa iPhone a samanta. Da zarar an cusa wayar, sai fuska ta bayyana a allo da manyan idanu, motar ta fara yawo a tsakar ɗaki, tana bin fuskar mutum, tana murmushi ko ta razana. Suka sa mata suna Romo. Kuɗinta kusan dala 150.

Sun nemi gudunmawar jama'a a dandalin Kickstarter suka samu sama da dala dubu ɗari. A 2012 masu zuba jari ƙarƙashin jagorancin kamfanin Sequoia Capital suka ba su dala miliyan 5. A 2013 Rinaudo ya hau dandamalin taron jawabai na TED da Romo a hannunsa, aka yi ta tafi.

Tafi dai ba ya biyan albashi. Abin wasa, komai kyansa, gasa yake yi da duk wani abin da ke ɗauke hankalin yaro, har da wasannin da ke cikin ita wayar da aka cusa masa. Uba zai saya sau ɗaya, yaro ya yi ɗokinsa na ɗan lokaci, daga nan sai ƙarƙashin gado. Ba wanda ke tashi da safe yana cewa yau in ban samu Romo ba na shiga uku. Wannan ciwo ne ya kashe kamfanoni da dama waɗanda suka fi Romotive kuɗi. Kamfanin Anki, mai mutum-mutumin Cozmo da Vector, ya tara jarin da ya kusa dala miliyan 200 amma ya rufe a Afrilun 2019. Jibo, mutum-mutumin da aka ce zai zama abokin hirar iyali, shi ma kamfaninsa ya rufe. Rethink Robotics, wanda masanin nan Rodney Brooks ya kafa domin ƙera mutum-mutumin masana'antu, ya rufe a Oktoban 2018. Romotive ya tsira daga wannan jeri ne saboda ya kashe Romo da hannunsa tun a 2014, da sauran kuɗi a asusu.

Jerin sunaye a Tanzaniya

A shekarar ne Rinaudo ya haɗa kai da mutanen da za su sake gina kamfanin tare. Akwai Keenan Wyrobek, ɗaya daga cikin waɗanda suka assasa manhajar ROS, wadda har gobe ɗakunan binciken mutum-mutumi a duniya ke dogaro da ita, akwai kuma Will Hetzler, wanda ya san harkar sufurin jiragen sama. Suka shiga neman matsalar da in na'ura ta warware ta, wani zai yarda ya riƙa biya kullum.

Kamar yadda Rinaudo ke ba da labari, a Cibiyar Binciken Lafiya ta Ifakara da ke Tanzaniya ya gamu da amsar. Wani matashin mai bincike ya haɗa tsarin da ma'aikatan lafiya na ƙauyuka ke turo saƙon tes duk lokacin da suka samu majiyyacin da ke buƙatar abin da ba su da shi, kamar wanda mahaukacin kare ya ciza, ko mai jegon da jini ya ɓalle mata. Saƙonni sun taru da yawa. An san mara lafiya, an san inda yake, an san abin da zai cece shi, amma babu hanyar kai masa a kan lokaci. Ya ce da ya duba jerin sai ya gane yawancin waɗanda ke ciki sun riga mu gidan gaskiya.

To me ya hana su fara aiki a gida Amurka? Doka. A lokacin hukumar kula da sararin samaniyar Amurka ba ta yarda jirgi maras matuƙi ya ɓace wa idon mai kula da shi ba, kuma jirgin da ba zai wuce inda ido ke gani ba ai bai fi ɗan aike da ƙafa amfani ba. Ku tuna cewa a Disambar 2013 Jeff Bezos, wanda ya kafa kamfanin Amazon, ya fito a talabijin ya yi alkawarin Amazon zai riƙa kai kaya da irin waɗannan jirage, amma sai ƙarshen 2022 ya fara kai wa wasu 'yan tsirarun gidaje a Amurka. Ita kuwa Ruwanda ta buɗe sararin samaniyarta, ta zauna da kamfanin aka tsara dokoki tare.

Abin da ya sa aka fara da jini

A nan ne, a ganina, basirar Zipline take, kuma ba a jikin jirgin take ba. Duk wanda ya taɓa jinya a asibitin karkara ya san yadda abin yake: likita ya fito ya ce a nemo leda biyu, 'yan'uwa su bazama, a gwada wannan a ce bai dace ba, a gwada wancan a ce jininsa bai isa ba, ita kuwa mai naƙuda tana kwance. Laifin ba na rowar asibiti ba ne kaɗai. Jini kaya ne mai wuyar ajiya. Jajayen ƙwayoyinsa ba sa wuce kwana 42 a firij. Ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare a bakin rauni kwana 5 kawai suke yi. Ruwan jini kuwa sai an daskarar da shi kamar ƙanƙara. Ga kuma rukuni-rukuni, wani ana samunsa ko'ina, wani sai an tona.

Ƙaramin asibiti yana tsaka mai wuya. In ya tara jini da yawa, zai lalace a zubar. In ya tara kaɗan, ranar da aka kawo mutum uku daga haɗarin mota ya ƙare. Mafita a takarda mai sauƙi ce: a tara jinin wuri ɗaya mai wuta da firij mai kyau, kowane asibiti ya nema lokacin da buƙata ta taso. Abin da ke rushe wannan lissafi shi ne hanya. Ruwanda ƙasa ce ta tsaunuka, ana ma yi mata kirari da ƙasar tuddai dubu, kuma da damina tafiyar da ido ke hangowa sai ta cinye sa'o'i.

Sai a dubi girman ƙasar. Faɗin Ruwanda murabba'in kilomita dubu 26 da 'yan kai ne, wato jihar Kaduna ta kusa ninka ta. Jirgin Zipline yana iya zuwa nisan kilomita 80 ya dawo, kuma da'irar da ke da wannan nisa daga tsakiya zuwa baki ta kai murabba'in kilomita dubu 20. Ke nan da cibiya biyu an kusa rufe ƙasar gaba ɗaya. Ga kaya mara nauyi mai tsadar rai, ga ƙasa ƙarama mai mugunyar hanya, ga gwamnati ɗaya da ke riƙe da harkar jini baki ɗaya kuma ta yarda ta biya. Da wuya a samu wurin gwaji da ya fi wannan.

Ranar 14 ga Oktoban 2016 Shugaba Paul Kagame ya ƙaddamar da cibiyar farko a gundumar Muhanga, da tallafin gidauniyar kamfanin aika kaya na UPS da ƙawancen rigakafi na Gavi. An yi shirin kula da asibitoci 21. Rinaudo ya sha faɗa daga baya cewa watanni tara suka kwashe suna fama kafin aikin ya daidaita a asibiti ɗaya tak. Na'urorin da suka yi lafiya a filin gwaji na Kalifoniya sun zo sun gamu da ruwan sama da ƙura da iskar tsauni. Sannan suka tarar cewa tashin jirgi shi ne ɓangare mai sauƙi, wahalar tana wajen karɓar oda, da lissafin abin da ke rumbu, da kiyaye sanyi, da gyara cikin dare. A 2018 aka buɗe cibiya ta biyu a Kayonza da ke gabashin ƙasar.

Yadda aikin ke gudana

Ma'aikaciyar jinya ta tura saƙo ta waya, ko tes ko WhatsApp. A cibiya, mai kula da rumbu ya ɗauko ledar jini daga firij, ya duba lambarta da na'ura, ya naɗe ta, ya sa a jan kwali mai laimar takarda a manne. Wani ya cusa kwalin a cikin jirgin, a ɗora gangar jikin a kan wani dogon ƙarfe mai kama da gwafar harbin tsuntsu, a maƙala fiffike, a zura batir. Ana gama dubawa sai a danna maɓalli. Cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya jirgin ya kai gudun kilomita 100 a awa, ya yi sama.

Daga nan shi ke tuƙa kansa a kan hanyar da aka riga aka shata masa, yana bin tauraron ɗan'adam. Abin da ya sa ake lissafa shi cikin mutum-mutumi ke nan: yana auna iska, yana gyara tafiyarsa, kuma in ya ji wata matsala a jikinsa yana juyawa gida da kansa. Injinsa biyu ne domin in ɗaya ya mutu ɗayan ya riƙe, akwai kuma babbar laima da zai buɗe ya sauko a hankali in abin ya faskara. Da ya kusa asibiti sai saƙo ya shiga wayar mai oda cewa ta fito. Jirgin ya rage tsawo, cikinsa ya buɗe, kwalin ya sauko yana lilo a fili mai faɗin wurin ajiye motoci biyu ko uku. Ba ya sauka. Ya juya ke nan.

Dawowarsa ta fi ban sha'awa. Ba shi da tayoyi. Akwai 'yar ƙugiya a wutsiyarsa, a cibiya kuma akwai dogayen sanduna biyu da igiya a tsakaninsu. Yana zuwa sai sandunan su ɗaga igiyar daidai lokacin da zai gifta, ta cafke ƙugiyar, jirgin ya tsaya cak yana reto kamar kifi a fatsa. A cire batir a sa a caji, a sa wani, ya sake tashi.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan zaɓi yana da dalilin kuɗi. Jirgi mai fiffike ya fi mai farfela huɗu nisan zango nesa ba kusa ba, kuma ya fi jure iska. Rashin sauka a asibiti yana nufin ba sai an gina komai a can ba, ba sai an horar da kowa ba, kuma ba yaron da zai kai hannu kusa da farfela. Abin da aka sadaukar shi ne jirgin ba ya ɗauko komai ya dawo da shi.

Shin ya yi amfani? Wani bincike da mujallar Lancet Global Health ta wallafa a 2022 ya gano cewa jinin da ke lalacewa a asibitocin Ruwanda da ke amfani da jiragen ya ragu da kashi 67 cikin ɗari bayan shekara guda. Wannan adadi ya fi burge ni a kan duk wani hoton jirgi a sama, domin yana nuna lissafin tara jini wuri ɗaya ya ci.

Gana, inda aka yi rigima

Ruwanda ƙasa ce da in shugaba ya ce a yi, an yi. Gana ba haka take ba. Da gwamnati ta kawo yarjejeniyar shekara huɗu ta kusan dala miliyan 12.5 gaban majalisa a ƙarshen 2018, 'yan adawa na jam'iyyar NDC suka ce an ba da kwangila ba tare da gasa ba kuma kuɗin ya yi yawa. Ƙungiyar likitocin ƙasar ita ma ta nemi a dakata, tana cewa asibitocin da ba su da isassun ma'aikata da motocin ɗaukar marasa lafiya ba jirgi ne babbar buƙatarsu ba. Majalisa ta amince duk da haka. A Afrilun 2019 Mataimakin Shugaban Ƙasa Mahamudu Bawumia ya buɗe cibiyar farko a Omenako, daga baya aka ƙara ta Mampong a yankin Ashanti, da ta Vobsi kusa da Walewale a arewa, da ta Sefwi Wiawso a yamma. 

Maganar likitocin Gana ba ta banza ba ce, kuma har yau tana nan. Jirgin ba ya samar da jini, sai wani ya miƙa hannu an ɗiba. Ba ya ɗaukar mai naƙuda zuwa inda za a yi mata tiyata. In ya jefo leda uku, wanda shi ne iyakar abin da yake ɗauka, dole a samu mai gwada dacewar jinin da mai ɗaura shi. Kuma a inda kwalta ke da kyau, ɗan acaɓa da kula mai ƙanƙara zai yi aikin da araha. Ribar jirgi tana fitowa ne inda gada ta karye, ko dare ya yi, ko hanya ta zama ta 'yan bindiga.

A Gana aikin ya faɗaɗa ya wuce jini, ya haɗa da rigakafin yara da maganin dafin maciji da sauran magunguna. Wata guda bayan buɗe Omenako, a Mayun 2019, masu zuba jari suka yi wa kamfanin ƙimar dala biliyan 1.2.

Korona ta buɗe ƙofar gida

A Afrilun 2020 jiragen suka fara kai samfurin gwajin korona daga cibiyoyin kamfanin da ke karkarar Gana zuwa ɗakunan gwaji a Akara da Kumasi. A Maris na 2021 suka fara rarraba rigakafin da Gana ta samu ta shirin COVAX na raba wa ƙasashe rigakafin korona. Annobar ce kuma ta sa hukumomin Amurka suka sassauta: a Mayun 2020 aka ba da izinin gaggawa na kai kayan kariya ga asibitocin Novant Health a jihar Karolina ta Arewa. Abin lura a nan shi ne hujjar da kamfanin ya gabatar wa hukumar ƙasarsa a sararin samaniyar Muhanga da Omenako ya tara ta. An saba ganin fasaha ta tsufa a Turai kafin a turo mana ragowarta, wannan kuwa a Afirka ta yi rarrafe ta miƙe.

Sauran matakan sun zo a jere. Kai kayan kantin Walmart a garin Pea Ridge na jihar Arkansas a Nuwamban 2021. Tsibiran Goto na Japan tare da kamfanin Toyota Tsusho a 2022. Kenya da Kodebuwa. A Satumban 2023 hukumar jiragen saman Amurka ta yarda jiragen su yi tafiya inda ido ba ya kaiwa ba tare da an jera masu sa ido a hanya ba, wato an sassauta musu dokar da ta kore su daga gida tun farko.

A Najeriya, gwamnatin Nasir El-Rufai ce ta fara sa hannu a Fabrairun 2021, da shirin cibiyoyi uku a jihar Kaduna, ta Pambegua ce ta fara aiki. Kuros Riba da Bayelsa suka biyo baya. Sai dai Najeriya ba Ruwanda ba ce. A can gwamnati ɗaya ce da tsarin jini ɗaya. A nan kowace jiha da nata kasafi, da nata gwamna, kuma sabon gwamna ba dole ne ya ƙaunaci abin da na baya ya shuka ba. Sannan duk tsarin ya rataya ne a kan layin waya, mu kuwa mun ga yadda aka katse sadarwa a wasu sassan Kaduna a ƙarshen 2021 saboda tsaro. Asibitin da ba shi da sabis ba zai iya kiran jirgi ba.

Sabon jirgi, sabon mai saye

A Maris na 2023 kamfanin ya nuna jirginsa na biyu, wanda aka ƙera domin birane. Wannan yana iya tsayawa cak a sama, wajen mita 100 daga ƙasa, sai ya zuro wani ɗan akwati da igiya. Akwatin yana da 'yan farfelolinsa da yake gyara saukarsa da su, ya dire a tsakar gida ko bakin ƙofa, ya ajiye kaya, a janye shi sama. Yana ɗaukar kusan kilo uku da rabi zuwa nisan kilomita 16. A shekarar aka yi wa kamfanin ƙimar dala biliyan 4.2.

Wannan jirgi ba domin ƙauyen Kubau aka yi shi ba. Abin da yake kaiwa a unguwannin Amurka abincin rana ne da kayan kanti da maganin da likita ya rubuta, kuma can ne masu biliyoyin nan ke sa ran mayar da kuɗinsu. Ban ga laifin hakan ba, kasuwa ce. Amma yana da kyau mu san cewa hankalin injiniyoyin kamfani yakan bi inda kuɗi yake. A Afrilun 2024 Zipline ya cika kai saƙo na miliyan ɗaya, kuma saƙon ledar ƙarin ruwa biyu ne zuwa wata cibiyar lafiya a Gana.

A Nuwamban 2025 ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta sanar da cewa za ta ba kamfanin har dala miliyan 150 domin faɗaɗa aikinsa a Ruwanda da Gana da Najeriya da Kenya da Kodebuwa. Kuɗin na ƙera jirage ne da gina cibiyoyi, kuma da sharaɗi: ba za a sake shi ba sai gwamnatocin waɗannan ƙasashe sun sa hannu cewa su za su riƙa biyan kuɗin aikin yau da kullum daga aljihunsu.